Matan Ƙauyen Hollin Ashby

Shekara huɗu Dakta Rosalind Pegge ta yi tana rubuta littafi a kan yadda mata suka karɓi aikin gona a Ingila bayan babbar annobar da ta share maza. Hujjarta duka tana cikin wata takardar fata ta shekarar 1352, daga ƙauyen Hollin Ashby: sunayen mata goma sha huɗu a jere, gaban kowacce an rubuta awon hatsi da waken da aka ba ta lokacin hunturu. Ladan aikinsu ke nan, in ji ta.

Ranar Talata ta koma ɗakin adana tsofaffin takardu don ta duba sau na ƙarshe. Mai kula da wurin, dattijo Tunnicliffe, wanda ya tashi a gidan masu kiwon shanu, ya warware mata naɗin takardar har ƙarshensa, inda ba ta taɓa kaiwa ba saboda danshi ya manne shi. Bana aka samu aka ɓamɓare.

Ya gyara tabarau. "Dakta, wannan Molle taki, ashe ta mutu a watan Maris."

"Allah sarki."

"An jeme fatarta."

Rosalind ta ɗago. "Fatar wa?"

"Ta Molle. Ni dai a garinmu ba ma yi wa mata haka."

Ta jawo takardar, ta bi layin da yatsa har sau uku. Haka yake. Shanu! Shekara huɗu tana yi wa shanu kirari!

"To, shi ke nan, Baba, na kaɗe."

"Kada ki yi garaje. Ga Alis Long nan, ta auri maƙerin gari."

Saniya dai ba ta auren maƙeri. Rosalind ta dafe kai. Suka ci gaba da bi ɗaya bayan ɗaya har shayin da suka bari a waje ya huce. Sibil ta haihu, ba a faɗi me ta haifa ba. Joan Brown ta shiga gonar limamin coci ta yi ɓarna, aka kira maigidanta ya ba da haƙuri.

"Maigidanta, wato mijinta?"

"Ko mai ita. Kalmar ɗaya ce a Latin ɗin magatakardan nan."

"Amma wane irin mutum ne zai haɗa mata da shanu a layi ɗaya?"

Tunnicliffe ya ɗaga kafaɗa. "Wanda rumbu ne kawai damuwarsa. Duk mai ci, baki ne."

Da la'asar lissafi ya tsaya haka: mata uku, shanu huɗu, bakwai kuwa Allah ne masani. Rosalind ta tsaya a bakin ƙofa cikin yayyafi, ta buga wa mai buga littafinta waya.

"An gama?" ya tambaya.

"Babi na biyar ne matsalar, na matan nan," ta ce. "Ban san ko su wa na rubuta a kai ba. Ba ni wata shida."