Wayar Ɗakin Iya Basira

"Ba ni haɗa ta, Alhaji."

Alhaji Namadi yana tsaye a ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, Iya Basira, rungume da sabuwar fanka da ya sayo a kasuwar Illela. Ya dube ni kamar bai ji da kyau ba, sannan ya ce shi ba wa'azi ya kira ni in yi masa ba. Tsohuwa tana fama da zafi, ni kuma an ce na yi karatun lantarki, to in haɗa.

Katangarmu ɗaya da Iya Basira a nan Konni. Lokacin da na ce zan tafi Tawa lakwal, wato makarantar koyon sana'a, unguwa duka ta yi mini dariya, ita kaɗai ta shiga wurin babana ta ce a bar ɗiya ta gwada. Ni kaɗai ce mace a ajinmu, na kuma fito da diploma. Yanzu ga ta kwance, ƙafafu sun kumbura, likita ya sallamo ta gida, bazara kuma ta kai inda ko bango ba ya jinginuwa.

Na riga na hau kujera na duba. Wayar da ke kai wuta ɗakin tun zamanin mijinta take, irin mai rigar roba da zare, ta bi tsakanin azara da busasshen asabarin rufi. Da na ɗan taɓa ta da bayan abin kwance ƙusa, robar ta zubo kamar ƙanzo. A wuri biyu jan ƙarfen a tsirara yake. Ƙwan fitila ɗaya take ɗauka, shi ma da ƙyar. Irin wannan waya ba a lanƙwasa ta, ba a naɗe ta da salatif, ba a ƙara mata kaya. A kashe ta ake yi, a ja sabuwa. Wadda ta sauko daga falwaya zuwa kontar, mitar wutar gidan, ita ma sa'arta ce, kuma wannan sai mutanen kamfanin wuta sun yanke daga sama kafin hannu ya je kusa. A ƙarƙashin duk wannan, akwai tsohuwar da ba ta iya tashi da kanta.

Na zare fis ɗin na sa a aljihu. Na ce a mai da Iya ɗakin innata, inda na ja sabuwar waya da hannuna. Daga kan gado ta ce a ɗakin nan ta haihu, a nan mijinta ya cika, ba inda za ta. Na ce to a ba ni 'yan kwanaki in kai takarda kamfani.

"Rashida," ta ce, murya can ƙasa, "kwanakin nan da kika faɗi, wa ya ce miki ina da su?"

Na tattara kayan aikina. Ban kuma fito da fis ɗin ba.

Kafin azahar Alhaji ya dawo da Yahuza, mai gyaran rediyo a bakin tasha. Tare muka shiga lakwal da shi muna yara, ya gudu tun bai iya rubuta sunansa daidai ba, amma unguwa injiniya take ce masa. Ya shigo da tasta maƙale a kunne, ya ce, "Madam kuran, sarauniyar lantarki, an ce littahi ya hana?" Ya murɗa guntun jan ƙarfe mai kauri ya cusa a gurbin fis, ya fere tsohuwar wayar da reza, ya ɗaura fanka. Na gaya masa yanzu ko wayar ta yi ja, ba abin da zai tsinke ya kashe wutar. Ya ce to in tsaya in gani.

Fanka ta juya. Gefen zanen gado ya ɗaga. Iya ta lumshe ido, cikin wasan kaka da jika ta ce, "Maigidana ya kawo mini iska. Allah shi yi maka albarka, Yahuza."

Na sha jin ana yabon wani a gabana, amma ba wanda ya taɓa yi mini ciwo kamar wannan. Shekarun da na yi ina hawa tsani maza suna mini fito, da yatsuna da suka yi kanta, duk ba su saya mini wannan kalma ɗaya ba. Shi da reza ya same ta.

Na kai takardar kamfani duk da haka, aka ce in jira layi. Sauran kwanakin a tsakar gidan na yi su. Na cika bokiti da yashi na ajiye gindin kontar, na zauna a inuwar da ba ta kai tabarma ba, ina tashi ina shinshina ƙofa, ina kai bayan hannu kusa da bango. Matan da ke zuwa dubiya suna tsallake ni. Wata ta tambayi innata ko jira nake gidan ya kama don a ce na yi gaskiya. Gaskiyar ita ce, akwai lokacin da na ji dariyar Yahuza a cikin ɗakin, yana ba Iya labarin direbobin tasha tana tari tana dariya, na ji da ma ko ɗan hayaƙi ya tashi, kaɗan, wanda ba zai taɓa kowa ba. Na yi istigfari, na koma wurin yashina.

Da aka ɗauke wuta wata rana, na shiga da mafici na durƙusa gefen gadon. Na fara yi mata fifita. Ta buɗe ido ta gan ni, ta juya fuskarta bango. Na ci gaba har kafaɗata ta mutu. Wuta na dawowa ta ce a tambayo ko Yahuza ya ci abinci.

Ranar Laraba bayan la'asar ta cika. Ina waje na ji Alhaji yana salati. Ba abin da ya ƙone, ko wari ba a taɓa ji ba. Ta bar wasiyya a ba Yahuza rediyon mijinta, shi kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Har yanzu a unguwa ni ce yarinyar da boko ya sa ta so hana tsohuwa iska. An daina kirana aiki a layinmu. Wannan ina iya ɗauka, kuma ko gobe aka nuna mini waya irin waccan aka ce in haɗa, ba zan haɗa ba. Abin da ya ci mini rai shi ne Iya ta bar duniya tana fushi da ni, kuma babu ranar da zan shiga in ba ta haƙuri.

Ranar jana'izar, da mutane suka watse, na ga takalmanta na roba a bakin ƙofa, ɗaya a kife. Na gyara shi, na jera su, na fita.