Kitson Tarbar Ma'u

"Ja, 'yar nan, ja! Kai ne, ba ƙwai ba!"

Rahamatu ta ƙara kama gashin ta ja, sai ga furfura ta biyo matsefi. Ta yi wuf ta dunƙule ta, ta tura ƙarƙashin tabarma kada mai ita ta gani.

"Inna, tsoro nake in ja ya ƙare."

"Ya ƙare mana. Ajiyar wa nake yi?"

Duk Gwiwa, in ana zancen kitso sunan Rahamatu ake fara kira. Har daga Roni ake kawo mata amare. Shuku, zanen yawo, kowane sabon yayi 'yan mata suka nuno mata a waya, kallo ɗaya take yi ta zauna ta fitar da shi. Amma yau ga ta a tsakar gidan maƙwabciyarta, gumi na karyo mata, tsohuwa na koya mata sana'arta. Katanga ɗaya ce tsakaninsu, kuma tun da aka kawo Rahamatu unguwar Inna Dela ta zama uwarta. Ita ta yi mata wankan jego, ita ke leƙowa ta kan katanga ta ce miyarta ta yi gishiri tun ba ta ɗanɗana ba.

Ma'u ce ta jawo wannan aiki, ƙanwar Inna Dela uwa ɗaya uba ɗaya. An kai ta aure ƙetaren iyaka, mijin ya yi ta lulawa arewa da ita wajen fatauci, tun Mamuda ɗan Inna Dela yana goye. Yanzu Mamudan har ya aurar da 'ya. Sai bana waya ta haɗa su, Ma'u ta ce tana tafe, ta ƙara da tsiya irin ta ƙanne: "Ni fa Yayar da na sani mai kitson doka ce. In na tarar da wata tsohuwa ta ƙunshe kai a kallabi, juyawa zan yi."

Da wasa ta faɗa, amma Inna Dela ta riƙe maganar gam. Matar da ta shafe damina tana fama da nauyin ƙirji, ko bakin zaure ba ta kaiwa sai ta huta, ita ce ta miƙe ta sa aka share gida, aka kama zakara, aka yi cincin. Da sassafe Mamuda ya tafi Babura tarbo baƙuwa. Saura abu ɗaya, kuma shi ne babba: Ma'u ta shigo ta tarar da doka a kan yayarta.

To, Rahamatu ba ta taɓa ganin doka da idonta ba. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma ga shi tana fafewa.

"Tsaga nan, daga goshi har ƙeya," in ji Inna Dela, tana zana hanyar da yatsa. "Ki ɗora naɗin tsumman a tsakiya, ki tattaro gashi daga dama da hagu ki rufe shi, ya tashi tudu. Gefe kuma ƙananan kitso, ƙanana fa, ba irin igiyar rijiyar da kuke yi ba."

"Inna, gashin ba zai rufe ba. Bari in ɗauko ɗan ƙari a ɗakina, baƙi ne wuluk, ba mai ganewa."

"Roba? A kaina? Allah ya tsari gatari da noma! Sa zare dai, ki shafa man shanu da shuni."

Kafin hantsi ya dubi ludayi gida ya cika da mata. Labari ya zaga cewa ana yi wa Inna Dela kitson amare, kowa ta ajiye tsintsiya ta zo kallo. Ita kuwa abin nema ya samu, bakinta ya buɗe.

"Ku da kuke dariya, kan nan ya ga duniya. Ina ƙarama wanzami ke ƙwalƙwale shi, ya bar mini zanko a tsakiya kamar zakara. Da na tasa aka fara yi mini kitso ana rataya 'yan kwabbai, in na gudu ana ji na tun daga bakin rafi. Ranar da aka kai ni ɗaki kuwa, doka aka yi mini, na yi kwanaki ina barci a kife don kada ta lalace. Malam marigayi ya shigo ya tsaya baki buɗe, har sai da na ce masa ƙuda zai shiga."

Mata suka kwashe da shewa.

"Sai 'ya'ya suka zo, kowane ya tafi da rabonsa. Takaba ta zo ta kwashi nata. Ga abin da ya rage, ko gyaɗa ba zai ɗaure ba."

Wayar Rahamatu ta yi ƙara a gefen tabarma. Mamuda ne, ya ce sun baro Babura.

"Kin ji ko? Yi sauri!" Inna Dela ta daki cinyarta. "Za ku ga mace. Doguwa, fara, gashi har gadon baya. Ni na fi ta kitso, ita ta fi ni gashi, shi ya sa ba mu taɓa shiri ba."

Ikon Allah, tudun ya tashi. Zare ya riƙe, shuni ya rufe furfura, man shanu ya sa abin ƙyalli. Rahamatu da kanta ta ja baya ta duba, zuciyarta ta cika da wani daɗi da ba ta taɓa ji a kan wata amarya ba. Aka miƙo madubi. Inna Dela ta juya hagu, ta juya dama. Sai ta yi guɗa da siririyar muryarta, tari ya sarƙe ta, ta gama tarin ta ƙarasa guɗar.

"Ga Dela nan! Ina kika shiga, 'yar nema?"

Ladan ya kira azahar, mata suka watse. Saura ƙananan kitson gefen hagu. Inna Dela ta ce sai an gama za ta yi salla, ta kwantar da kanta a cinyar Rahamatu, ta lumshe ido.

Kowace makitsiya ta san wannan. Hannu na yawo a ka, barci na zuwa, yara da manya duk haka suke. Don haka da surutun ya tsaya, kan ya ƙara nauyi, Rahamatu murmushi kawai ta yi. Ta ci gaba da kitsonta tana hira ita kaɗai, tana cewa gobe amare za su fara neman doka, ta ga ko nawa Inna za ta ce a biya ta kuɗin koyarwa. Har daɗi ta ji da tsohuwar ta daina motsi, don layukan sun fi fita sambal. Ta ɗaure na ƙarshe, ta gutsure zaren da haƙori.

"Inna, an gama. Tashi ki gani."

Ta sake kira. Ta taɓa kumatun, ta ɗaga hannun, hannun ya koma da kansa.

Salatinta ne ya dawo da matan. Nan da nan zakaran da ke kan wuta aka manta da shi, maza suka cika ƙofar gida, aka tafi haƙa kabari. Aka shigar da Inna Dela ɗaki aka lulluɓe. Aka kira Mamuda, kuma kamar yadda aka saba ba a faɗa wa matafiyi mutuwa a hanya, sai aka ce masa jikin Inna ya motsa, su hanzarta. Ya ce sun kusa Kazaure.

Gwaggo Batulu, mai wankan gawar matan unguwa, ta iso da ƙwaryarta. Mace ce da ba ta son jan aiki. Ta yaye mayafi, ta ga kan, ta girgiza nata.

"Ke kika yi, ke za ki tsefe. Ba a wanka da kitso, sai ruwa ya taɓa fatar kai. Maza, ruwa ya kusa zafi."

Rahamatu ta san gaskiya ce. Amma hannunta ya ƙi. Ta durƙusa.

"Gwaggo, don Allah ki yi mini alfarma. Don ƙanwarta ta yi shi. Suna hanya."

"Gawa ba ta jiran baƙo, 'yar nan."

"Ai za a jira Mamuda. Kuma tela bai kawo likkafani ba."

"Mamuda salla za a jira shi, ba wanka ba."

"Gwaggo, tun safe nake jan kanta tana cije baki. In na tsefe yanzu, wahalar banza ta sha ke nan."

Gwaggo Batulu ta dube ta, ta dubi dokar. Ita ma a ƙarƙashin kallabinta ba abin da ya rage sai tarihi.

"Zuwa la'asar," ta ce. "Ladan na buɗe baki, ko ke ko ni."

Rahamatu ta zauna a bakin gado, kunnenta ɗaya a titi, ɗaya a masallaci. Kowane babur ya wuce sai ta miƙe ta leƙa. Tela ya kawo likkafani. Masu haƙa suka aiko cewa sun gama. Inuwar katanga ta miƙe har ta kai murhu, Gwaggo Batulu ta leƙo sau biyu. Ana gyaran lasifikar masallaci ke nan, mota ta tsaya a ƙofar gida.

Rahamatu ta fito tana neman doguwa fara. Wadda Mamuda ya shigo da ita, yana kuka yana riƙe da hannunta, 'yar tsohuwa ce ƙanƙanuwa, ta ranƙwafa, tana laluben ƙasa da sanda. Idanunta duka biyu sun yi fari fat. Ashe abin da ba ta faɗa a waya ba ke nan. Salatin maza a ƙofar gida ya riga ya gaya mata komai.

"Ku kai ni wurinta," ta ce.

Rahamatu ta karɓi hannun daga Mamuda, ta zaunar da ita a bakin gado, ta ɗora mata shi a goshin yayarta. Yatsun suka bi fuskar a hankali, suka shafa kumatun da suka zurma, suka tsaya suna shakka. Sai suka hau sama, suka ci karo da tudun. Suka bi shi daga goshi har ƙeya, suka dawo, suka ƙirga ƙananan kitson gefe.

"Yaya," in ji Ma'u, dariya da kuka suna haɗuwa a muryarta. "Ashe da gaske kika yi. Ni fa wasa nake."

Ta sa ɗaya hannun ta zame kallabinta. Kan fes yake, sai 'yan fararen gashi a bayan kunne.

"Ga nawa nan. Kin ci, Yaya."

Ladan ya kira la'asar. Gwaggo Batulu ta tsaya a ƙofa da ƙwaryar ruwa tana tururi. Rahamatu ta miƙa hannu za ta fara, Ma'u ta riƙe ta.

"Ke ce mai kitson? Allah ya yi miki albarka. Bar mini wannan."

Ta lalubo bakin zaren na ƙarshe, ta kwance, ta fara tsefewa ɗaya bayan ɗaya, tana gyara kowane sili da tafin hannu kafin ta kama na gaba. Gwaggo Batulu ta ajiye ƙwaryar a ƙasa, ta zauna a dokin ƙofa.