Enzayim Mai Sana'a Biyu

Shekara biyu Dakta Ummusalma ta yi a ɗakin bincikenta a Jos tana bin enzayim guda a jikin ƙwayar sammore, cutar da ke ƙarar da shanu. Shi ne sinadarin da ke sarrafa sukari don ƙwayar ta samu ƙarfi. Dabararta ita ce ta toshe shi, yunwa ta kashe ƙwayar.

Ta samo maganin daga ɓawon wani itace da ta saya a kasuwar Taminus. A kwalbar gwaji ya toshe enzayim ɗin tsaf. Amma da ta zuba wa ƙwayoyin masu rai, washegari ta tarar da su suna ta wutsil-wutsil.

Sau huɗu tana maimaitawa. Ta zargi ruwa, ta zargi firji, har ta zargi abokin aikinta Livinus da haɗa kwalabe.

Bayan mako uku Livinus ya shigo da takarda.

"Dakta, ba laifina ba ne. Wani enzayim ɗin ne, mai aikin kitse. Ashe yana taɓa sukari ma, a hankali. Shi ya hana ƙwayoyin mutuwa."

"Wa ya sa shi?" ta ce. "Ba aikinsa ba ne!"

Farfesa Gwadabe, shugaban sashen, da ya ji labari sai ya shigo yana tafi.

"Ummusalma, kin san abin da kika gano? Da irin wannan ɗan aikin gefe halittu ke samun sabuwar hanya. Idan an matsa musu, sai aikin gefen ya zama babba a jikokinsu!"

"Ranka ya daɗe, ni magani nake nema. Makiyayi ba zai yi wa saniya allurar bayani ba."

"Ki rubuta shi dai."

Ta rubuta, tana tsaki a kowane shafi. Mujallar da ta taɓa ƙin aikinta sau biyu ta karɓa nan da nan, kowa na yi mata barka. Maganin kuwa yana nan a firji.

Ta koma neman abin da zai toshe enzayim na biyu. Wata takwas tana kai, ranar wata Alhamis Livinus ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi shigowa.

"Mene ne kuma?"

"Dakta, ki zauna tukuna," ya ce. "Akwai na uku."