Tokar Ovidio

"Riƙe mazurarin da kyau, Malama. Kina zubar min da ɗan'uwa a ƙasa."

Nélida ta gyara riƙon. Rufino, ƙanin mijinta, yana ɗibar tokar da cokalin miya daga gwangwanin biskit yana juyewa cikin fulas ɗin ruwan zafi, harshensa a waje kamar mai koyon rubutu. Ba ta taɓa zaton haka tokar mutum take ba. Ta ɗauka za ta yi laushi irin ta murhu, sai ga ta da tsakuwa-tsakuwa, tana ƙara in ta faɗa gindin fulas. Shekara arba'in da uku da aure, yau ga mijinta Ovidio, da aka ƙona gawarsa, yana wucewa ta mazurarin da take tace man suya.

"Ba zai shige duka ba," ta ce.

"Rabi ya isa. Dama ɓangaren da ke son ƙwallo za mu kai."

"To ai duka ke nan."

Rufino ya yi kamar bai ji ba. Ya murɗa murfin, ya goge bakin fulas da gefen rigarsa, ya miƙa mata. Dabarar tasa ce. Kulob ɗin ƙwallon da Ovidio ke goyon baya ya hana zuba tokar mamata a filinsa, amma a ƙasar nan sai a caje jakarka, a caje aljihunka, ba mai buɗe wa tsohuwa fulas ɗin da take shan mate, shayin ganyen ƙasar, da shi.

Motar tana tsaye a bakin wani titi na Buenos Aires, layi huɗu daga filin wasan. Wurin ajiye motoci ya kore su, wai ta yi tsayi. Tsohuwar motar rabon burodi ce da Ovidio ya saya shekara ashirin da biyu da suka wuce, ya mayar da ita gida da hannunsa: gado, murhun gas, ɗan famfo, tebur mai naɗewa. Labulen Nélida ce ta ɗinka. A saman gado ya liƙa taswira, ya ja jan layi daga garinsu Realicó har bakin teku, don ta taɓa gaya masa tun suna saurayi da budurwa cewa ba ta taɓa ganin teku ba.

Duk Janairu, watan bazarar ƙasar, in zafi ya sauka aka ba da hutun makaranta, sai ta tambaya. Wata shekara taya ce, wata shekara birki, wata shekara kulob na gab da faɗawa rukuni na ƙasa, ba ya cikin hayyacinsa. Amsar dai ɗaya ce, da murmushi, da ɗan bubbuga kafaɗa: "Baɗi, Neli."

Motar ba ta taɓa fita daga tsakar gida ba. Amfaninta ɗaya, ranar Lahadi ya shige ciki da rediyo ya rufe ƙofa, ya yi ihunsa son rai. Filin wasa kuwa bai taɓa sanin baɗi ba. Duk shekara suna zuwa shi da Rufino a bas, su kwana a hanya, su dawo muryarsu a dishe.

A asibiti, ranar ƙarshe, ya kama hannunta ya jawo ta kusa. Ta sunkuya, zuciyarta na bugawa kamar ta yarinya. Ya ce, "A zuba tokata bayan ragar kudu. Ta hagu, inda muke zama." Ta ce to. Bai ƙara cewa komai ba.

Tun daga ranar kowa ke gaya mata cewa wasiyyar mai mutuwa ta fi kowace magana nauyi. Nélida ta koyar a makarantar ƙauye shekara talatin da ɗaya, ta saba tambayar yaro yadda aka yi ya sami amsa. Wannan dai ba wanda ya nuna mata sikelin da aka auna. Amma ta bar Rufino ya sa wa motar sabon batir. Tafiyar motar ta farko ke nan. Da suka shigo gari da safe, suka bi ta gefen babban kogin garin, sai ya nuna mata ruwan da haɓa.

"Ga tekunki nan, Malama. Kin gani, kin huta."

"Kogi ne, Rufino."

"Ba a hango ɗaya gefen."

"Kai ma ba a hango ƙarshen surutunka, amma ba a ce maka teku ba."

Ƙarfe sha ɗaya aka shigar da su zagayen baƙi, su wajen talatin. Mai gadi ya buɗe jakarta, ya leƙa, ya dubi fulas ɗin da ke hammatarta ya ce ta sha lafiya. 'Yar jagorarsu, wata yarinya da ta ɗaure gashi da ƙyalle mai launin kulob, ta bi da su ɗakin kofuna. Rufino yana gyara mata shekarun da aka ci kofunan. A gaban wata tsohuwar riga da ke cikin gilashi ya cire hularsa, abin da bai yi a coci ba ranar addu'ar yayansa. Aka nuna musu inda 'yan wasa ke wanka. Nélida ta dubi famfunan. Na motar ya fi su kyau.

A bakin hanyar ƙarƙashin ƙasa da ke fita fili, 'yar jagorar ta tsaya.

"Ba a taka ciyawa. Ba a tsinka. Ba a zuba komai." Idonta ya tsaya a kan baƙar rigar Nélida. "Komai, kun gane."

"Ta san mu," Nélida ta ce ƙasa-ƙasa.

Rufino ya ce, "Ba ta san komai ba. Da na faɗi, ki yi hagu."

Suna fitowa cikin haske sai Rufino ya faɗi. Ya riƙe gwiwa, ya yi wata ƙara mai ban kunya, ya kira uwarsa da ta rasu tun kafin a haifi 'yar jagorar. Mutane suka yi kansa. Nélida ta yi hagu, ta bi gefen shingen waya har bayan ragar kudu. Kujerun sun hau sama babu kowa a kansu. Ta nemi abin da zai motsa mata a ƙirji, ba ta samu ba. Fili ne, da ciyawa.

Ta murɗe murfin. Sai ta lura ciyawar da ke gindin shingen ta mutu tabo-tabo, fari-fari, kamar kan mai makero.

"Miji ne ko uba?"

Wani dattijo ne zaune a kan bokitin da ya kifa, a inuwar allon talla, tsintsiya a tsakanin ƙafafunsa. Kusa da shi akwai wani bokitin a buɗe, da ƙaramin shebur. Bai tashi ba.

"Mate ne," ta ce.

"Uwargida, fulas ɗin mate yana tururi in an buɗe."

Ta dubi bakin fulas ɗin. "Miji."

"Allah ya ji ƙansa. Wancan mai ciwon gwiwar naku ne? Ya fi na jiya iyawa. Na jiya suma ya yi, ya manta yana riƙe da waya yana ɗaukar hoto."

"Za ka kira masu gadi?"

"Ni? Aikina shara. Ki zuba in kina so. Amma in ba damuwa, ki juye min shi nan cikin bokiti kai tsaye, bayana ya gaji da sunkuyo. Akwai wani likitan haƙori a ciki, na zagayen ƙarfe goma. Ba zai damu ba."

Nélida ta leƙa bokitin. Toka ce, haɗe da guntun sigari da murfin kwalba.

"Sharewa kuke yi?"

"Kafin a ba ciyawa ruwa. In ta jiƙa sai ta ƙone saiwar, kin ga dai." Ya nuna tabon da tsintsiya. "Akwai duro a bayan kujeru. In ya cika, motar shara ta zo."

"Iyalan sun sani?"

"Mata kan tambaya. Maza ba sa so su sani. Su zuba, su sumbaci shingen, su tafi cin nama."

Daga can aka ji muryar Rufino yana cewa a ba shi minti ɗaya, kada a taɓa shi, gwiwar tana komawa da kanta. Yana saya mata lokaci. Ta karkata fulas ɗin kaɗan. Tokar ta gangaro zuwa baki ta tsaya. Ta tuna yadda ta sunkuya a asibiti, da abin da ta zata za ta ji.

"Bawan Allah," ta ce, "daga nan zuwa teku awa nawa ne?"

"Teku na gaske? Awa biyar a babbar hanyar kudu. A mota irin wace?"

"Ta burodi."

"Bakwai."

Ta miƙar da fulas ɗin, ta murɗa murfin sosai.

Rufino ya yi ɗingishi har suka wuce ƙofa, sannan gwiwar ta warke. Idonsa jawur. A hanya ya riƙa ba ta labarin wata ƙwallo da aka ci a wannan ragar, yadda Ovidio ya rungumi wani baƙo har suka faɗo daga kujera. A cikin mota ya zauna a bakin gado, ya share fuska, ya miƙa hannu.

"Kawo in wanke shi. Na yi aikin da ya cancanci mate."

Ta ba shi. Hannunsa ya sauka ƙasa da nauyin. Ya jijjiga fulas ɗin, ya ji ƙarar tsakuwa.

"Ba ki zuba ba."

"Ban zuba ba."

"Yarinyar ce ta gan ki?"

Ta gaya masa komai: tsintsiyar, bokitin, likitan haƙori, duron da ke bayan kujeru. Ya saurara bakinsa a buɗe. Ta ɗauka zai yi shiru, ko ya zagi kulob ɗin karo na farko a rayuwarsa.

"To sai me?" ya ce. "Da ya kwanta a ciyawar ko na rabin awa ne. Ke ba ki san shi ba? Ko a bokitin kika juye shi zai gode miki. Bokitin kulob ne."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Na san shi fiye da kai, Rufino. Da ya gode."

Ya dube ta kamar yau ya fara ganin ta. A waje wata bas ta wuce, labulen da ta ɗinka suka motsa.

"Kin yi masa alkawari, Neli. A gabana. Mutum yana bakin mutuwa."

"Na yi. Shi ma ya yi min, yana da ransa da lafiyarsa, sau ashirin da biyu."

"Wannan daban."

"Wa ya ce?"

"Kowa."

"Kowa ba amsa ba ce. Ko 'yan aji uku ba na karɓa musu." Ta miƙa tafin hannu. "Ba ni makullin."

"Akwai zagaye ƙarfe uku. Ni zan shiga da shi."

"Sun san gwiwarka. Kuma sunana ke kan takardar tokar. Makulli."

"Ke za ki tuƙa wannan? A garin nan?"

"Shekara talatin ina tuƙa akori-kura cikin taɓo zuwa makaranta, kai kana kan keke."

Ya ba ta, don bai taɓa iya ƙin wannan muryar ba. Ta kai shi babbar tashar bas ba tare da ta goge ko madubi ba, shi kuwa yana riƙe da ƙofa yana ambaton waliyyai. Ya sauka da jakarsa, ya tsaya a bakin taga. Ya tsufa da yawa tun safe. Hancinsa irin na Ovidio ne, ta kawar da ido.

"Me zan gaya wa mutane a gida?"

"Ka ce mun je, filin yana da kyau."

"Cikin ruwa za ki zuba shi? Bai iya iyo ba, Neli."

"Ba inda zan zuba shi. Zama zai yi a mota ya jira ni. Ya saba."

"To yaushe za ki dawo da shi?"

Motar da ke bayanta ta yi oda. Ta ɗaga gilashi.

Sai da ta fita daga gari, gidaje suka ƙare, shanu suka fara, sannan ta tsaya a gefen hanya. Ta juye fulas ɗin cikin gwangwanin biskit a hankali, ba ta zubar da ko ƙwaya ba. Ta ɗora gwangwanin a kujerar gaba, ta zagaya masa bel. Rediyon yana nan inda Ovidio ya ɗaure shi da waya, a tashar da bai taɓa sauyawa ba. Ta cire batiran ta jefa cikin jaka. Ta wanke fulas ɗin sau uku a ɗan famfon, ta dafa ruwa, ta sha mate ita kaɗai, tana kallon allon da ke nuna saura kilomita ɗari uku da sittin.

Da ta tayar da mota gwangwanin ya ɗan yi ƙara, tsakuwa a jikin ƙarfe. Ta miƙa hannu ta bubbuga murfin sau biyu.

"Baɗi, Ovidio," ta ce.