Muryar Yaya

Ni da yayata mun tsufa ne a ɗakin wankin wani asibiti. Ita tana wajen jiƙa zannuwan gado a ruwan bilic, ni ina kan teburin guga. Ɗaki ne can baya, tagarsa ɗaya, tururi ya cinye fentin bangon, injin matse kaya kuwa in ya tashi sai kin ɗaga murya ake jin ki.

Nan wata yarinya daga jami'a ta same mu. Ta ce digirin digirgir take yi, tana bincike a kan abin da wannan aiki yake yi wa hannuwan mata da ƙirjinsu. Yaya ta ce in dai digirgire ne ai mun riga ta, ta tsaya ta ga yadda muke ɗora ƙunshin zannuwa a ka ba riƙo. Muka sa mata suna Mai Tambaya. Lokacin hutu sai ta kife bokiti, ta ɗora 'yar rikodarta a kai. Kafin nan ta karanta mana wata takarda, wai maganarmu ta wannan aiki ce kaɗai, kuma ba za a faɗi sunanmu ba. Muka dangwala yatsa. Yaya da bakinta, a tambaye ta tari, ta ɓuge da labarin mahaifiyarmu, da gidan da muka tashi, da mijinta da ya kasa koyon keke har ya mutu.

Sai Mai Tambaya ta ɗauke ƙafa. Ashe haihuwa ce ta zo mata da gardama, aka yi mata aiki, ta daɗe a kwance. Jami'a ta ba ta izinin dakatar da karatu. Tarin Yaya kuwa bai dakata ba. Kafin yarinyar ta miƙe, mun binne Yaya.

Hotonta ina da shi. Muryarta ce ta fara gudu na. Wata rana ina cikin guga na nemi in tuna yadda take kirana daga wajen famfo, na ji wayam. Har na ƙona wa mutane rigar matashi.

Da Mai Tambaya ta zo mini gaisuwa, ta rame kamar ba ita ba, na ce ta ba ni muryar Yaya. Ta sunkuyar da kai. Ta ce da ta koma ta tarar malamin da ke duba aikinta ya yi ritaya. Wa'adin da doka ta ba ta ya kusa cika, an ƙara mata sau ɗaya, ba za a sake ba. Sabon malamin ya ce ta sauya batu, ta ɗauki wanda za ta iya gamawa daga littattafai. Tunda kuma batu ya sauya, duk muryoyin da ta ɗauka an karɓe su, suna ofis, goge su za a yi. Ta fara kuka. Na ce ta share hawayenta ta nuna mini ƙofar ofishin, ba kuka nake saye ba.

Ofishin yana ƙarshen wani dogon baranda, da benci a bakin ƙofa. Ciki sanyi kamar firji. Wani mai tabarau, sakataren kwamitinsu na dokokin bincike, ya ba ni kujera, ya yi ta Mama kaza, Mama kaza. Ladabi dai yana da shi. Ya ce dokar goge muryoyin don kare mu aka yi ta, kada a ɗauki maganar mutum a kai ta inda bai yarda ba.

Na ce, "Ɗan nan, daga wa za ku kare ta? Tana cikin ƙasa."

Ya ce mai murya ne kaɗai yake da ikon neman muryarsa. Na ce cikinmu ɗaya, ni na yi jinyarta, a kan cinyata ta cika. Ya ce bai musa ba, amma dokarsu ba ta san gadon murya ba, sai dai ya kai maganar gaban kwamiti. Na ce a kai ni gaban kwamitin in faɗa da bakina. Ya ce ba a shiga.

Na yi ta sintiri, takalmina ya san barandar nan. Suka zauna ba da ni ba, suka ce a'a. Ranar da mai tabarau yake faɗa mini, wata mata mai aiki a kwamfuta a gefensa ta ce ai ta saurari abin, Mama ma tana ciki, tana tsoma baki. Mai tabarau ya yi ajiyar zuciya kamar an sauke masa kaya. Ya ce to ai shi ke nan, ni ina da rai, ina iya neman tawa. Za su yanke ta Yaya su ba ni saura.

Na ce me zan yi da muryata, ni da nake kwana da ita nake tashi da ita? Ya ce iyakar abin da zai iya ke nan, kuma in ban karɓa ba duka za a haɗa a goge. Na karɓa, ba don na yafe ba. Suka tura a wayar 'yata, sauran suka goge.

Da la'asar na tura ƙofar ɗakina na kunna. Ga ƙarar injin matse kaya. Ga ni ina cewa ƙarya take yi, ba haka aka yi ba. Sai shiru. Sai ga ni ina dariya ni kaɗai, ba wanda ya ba ni dariyar. Sai shiru kuma. Duk wanda ya ji zai ce taɓaɓɓiya ce take hira da bango. Kowane shiru na san Yaya ce a wurin, an ciro ta kamar yadda ake cire tabo a zane.

Wuri ɗaya ne suka kasa. Mun yi magana a tare, muryata a kan tata, ba yadda za a yanke ta ba a yanke ni ba. A ƙarƙashin surutuna, da 'yar shaƙewar nan tata, ta ce:

"Ke dai bari in ƙarasa, uwar surutu."

Iyakarta ke nan. Daga matar da ta shekara tana ba su labari, wannan ne ya rage.

Mai Tambaya ban riƙe ta ba, ita ma matse ta aka yi, na ji ma ta kusa gamawa. Masu dokar nake nema. Na koma na ce wa mai tabarau su gyara ta, kafin a goge muryar mamaci a tambayi danginsa. Ya ce zai isar. Na ce isarwarsa na gan ta.

Yanzu duk ranar da kwamitin zai zauna, matar kwamfutar tana sanar da ni. In ari wayar 'yata, in je in zauna a bencin nan. Da sun fito da takardunsu a hammata sai in ƙure ƙara in kunna musu wurin. Wasu su gaishe ni, wasu su kalli agogo. Har yau ba wanda ya tsaya ya ji ta zuwa ƙarshe, ga shi kuwa ba ta da tsawo.