Ƙofar Gwaggo Zlatka

"Miƙo bulo, Bajamushe," in ji Stoyko. "Ko hannun naka ma ya yi ritaya?"

Na miƙa masa. Shekara ashirin da shida rabona da garinmu na bakin teku, amma Stoyko magini bai canza ba sai tumbi da ya ajiye. Tare muka yi firamare, tare muka saci kifi a kwale-kwalen babansa. Ga shi yau na ɗauko shi ya toshe mini ƙofa.

A tsofaffin gidajenmu, kowace katanga da ta raba maƙwabta tana da 'yar ƙofar katako marar makulli. Ta nan ake aron gishiri, ta nan yaro ke tsere wa duka. Tamu tana buɗewa cikin tsakar gidan Gwaggo Zlatka. Tun da uwata ta rasu, ni kuma ina birnin Hambug na ƙasar Jamus, ta nan tsohuwar ke shigowa kowace safiya ta buɗe tagogi, ta ba inabi ruwa, shekara tara ba fashi. Yanzu na sayar da gidan ga wani mutumin birnin Sofiya mai son yin masaukin baƙi, shi kuma ya ce sai an toshe ƙofar kafin ya karɓi makulli.

"Ka gaya mata?" Stoyko ya tambaya.

"Tana kwance. 'Yarta Petkana ta ce ko tsakar gida ba ta iya fita."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."

Ban gaya mata ba. Ranar da na iso na shiga gaishe ta, ta kama kunnena kamar ina ɗan shekara bakwai. "Lyuben, ka dawo ke nan?" Na ce na dawo. Ni kwana biyar nake nufi, ita kuwa har ta fara lissafa mini inda rufi ke yoyo. "In na ji ƙarfi zan kawo maka kofi ta ƙofa," in ji ta, "yadda nake kai wa uwarka."

Stoyko ya bar katakon a ɓangarenta, ya jera bulo a nawa. Da la'asar muka gangara bakin ruwa wurin Dafina, wadda na taɓa yi wa alkawarin aure muna aji biyar. Yanzu ƙananan kifi take soyawa, bakinta kuma ya fi man zafi.

"Mu da muka zauna iskar teku ta cinye mu," ta ce tana kallon sanƙona. "Kai da ka gudu, me ya cinye ka?"

Muka yi dariya har da hawaye, muka tuna waɗanda suka mutu da waɗanda suka tafi. Na ji daɗin da na manta akwai irinsa. Da za mu tashi ta riƙe hannun rigata. "Je ka gaya wa tsohuwar nan yau, matsoraci." Na ce gobe.

Washegari da safe ina naɗe kwanukan uwata cikin jarida, sai na ji jan silifa a bayan katanga, da ƙarar kofi a kan faranti. Katakon ya yi kukan da na sani tun ina rarrafe. Sai shiru.

"Lyuben?"

Aka ƙwanƙwasa bulon sau biyu. Daga inda nake zuwa ƙofar gidanta ta titi bai fi taku arba'in ba. Na tsaya ƙiƙam da kwano a hannu, ina rage numfashi kamar ɓarawo, ni mai shekara hamsin da biyu.

"Lyuben, kofin zai huce."

Ban motsa daga inda nake ba. Can na ji silifan suna komawa a hankali, suna tsayawa, suna ci gaba.

Sai da rana ta take kunya ta bar ni na zagaya. Tana kan gado, Petkana na yi mata fifita ba tare da ta dube ni ba.

"Stoyko ne ya yi aikin?" tsohuwar ta tambaya.

"Shi ne, Gwaggo."

"Na gane. Yaron nan bai taɓa jera layi ya miƙe ba." Ta ɗan yi tari. "Da ka gaya mini, ai da na ɗauko butar ban-ruwana. Tana ƙarƙashin inabin."

Na buɗe baki zan yi bayani, ta ɗaga yatsa. "Kar a ba inabin ruwa da rana, ka gaya wa masu zuwa." Ta juya fuskarta ga bango. Ba ta zage ni ba, kuma har yau wannan ne yake ci mini rai.

Ranar Alhamis da hantsi ta cika. Aka buga ƙararrawar coci, aka manna takardar rasuwa mai hotonta a ƙofar gida da jikin bishiyoyin layin. Petkana ta ce mu fito da kujeru daga tsakar gida saboda masu gaisuwa, na shiga tare da Stoyko. Ya tsaya yana kallon aikinsa ta wannan ɓangaren.

"Gudumata tana mota," ya ce a hankali. "Minti goma ne."

"Na miƙa makulli jiya, Stoyko. Ba gidana ba ne."

Ya ɗauki kujeru biyu ya fita. Katakon yana nan a buɗe yadda ta bar shi. A bakin ƙofar, jikin sabon bulon, ga kofin a kan farantinsa, ta kifa masa ƙaramin kwano don kar ƙudaje su faɗa.