Darasin Taɓo

Duk wanda ya zauna Kinkinau a daminar 1988 ya san taɓon layinmu. Ja ne, mai danƙo, in ya kama takalmi sai an yi masa magiya.

Kawu Datti ƙanin Innata ne, kuma shi ne malaminmu na Turanci a aji biyar. A ɗakin zaurenmu yake kwana, tuwon Inna yake ci. Babana lebura ne a wurin gini, da guminsa Kawu ya gama kwalejin malamai. A makaranta kuwa ya hana ni kiransa Kawu, wai kada a ce yana son kai. Ban damu ba. Ni dai burina in fita kunya a gaban 'yan matan unguwar Malali, waɗanda ake saukewa a mota da farar safa.

Ranar da mai duba makarantu zai zo, Inna ta goge mini yunifom da dutsen guga na gawayi har yana ɗaukar ido. Ina fitowa na tarar babur ɗin Kawu ya kafe a tsakiyar layi.

"Turai, zo ki tura mini, 'yar albarka," in ji shi.

Na tura. Taya ta juya, ta watsa mini taɓo tun daga ƙafa har haɓa. Shi ko ɗigo bai taɓa shi ba. Ya ɗaga mini hannu ya yi gaba, na bi shi a ƙasa.

Na shige aji na lafe can baya. Baƙon ya zauna gefe da tabarau a kan hanci. Kawu ya rubuta kalmar ranar a allo, muddy, ya ce ana faɗarta ga ƙasar da ta jiƙe ta caɓe, da duk abin da ta ɓata. Aji bai gane ba. Ya sake bayani, duk a banza. Sai na ga idonsa yana yawo har ya sauka kaina.

"Ke, fito nan."

Ya juya ni gaba da baya kamar akuyar sayarwa. Ya nuna ƙafata, aji suka rera kalmar. Ya nuna rigata, suka sake rerawa, yanzu da dariya. Wallahi ko a lokacin ban yi fushi ba, cewa nake taimakonsa nake yi.

Baƙon ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce haka ake koyarwa, da abin da yaro zai gani da idonsa. Sannan ya dube ni ya yamutsa fuska.

"Amma Malam, 'yar gidan wa ce wannan? Wace irin uwa ce za ta bar yarinya ta fito haka?"

Na ɗago kai ina jiran Kawu ya faɗi gaskiya.

Ya kakkaɓe allin hannunsa ya ce, "Ranka ya daɗe, ban san iyayenta ba. Ka san 'ya'yan leburorin nan."